Gayyar gyaran turba cikin ɗari a tsaunukan Amurka

A gabashin ƙasar Amurka akwai wata hanya wadda mota ba ta hawanta, babur ma haka. Hanyar ƙafa ce, faɗinta bai wuce na turbar gona ba, amma tsawonta ya kai wajen kilomita 3,500. Kamar mutum ya tashi daga Yamai ya je Damagaram ya komo, ya sake zuwa ya sake komowa ke nan. Ta taso daga tsaunin Springer cikin jihar Jojiya a kudu, ta bi bisa jerin tsaunukan Apalashiya, ta ratsa jiha 14, ta ƙare a tsaunin Katahdin cikin jihar Maine a arewa.

Mutanen birni su ne suka fi bin ta, domin shan iska da motsa jiki da ganin daji. An ƙiyasta mutum miliyan 3 ke taka wani yanki nata kowace shekara. Mafi yawansu yini guda suke yi ko kwana biyu su koma gida. Akwai kuma wajen mutum 3,000 da ke ɗaura niyyar bin ta tun daga farko har ƙarshe, tafiyar wata 5 zuwa 7, da kayansu a baya. Cikin mutum 4, guda ne ke kai ƙarshe.

Abin lura game da wannan hanya shi ne masu gyaranta. Yawancinsu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, ba su da albashi. Mutanen garuruwan kusa ne da suka sa kansu. Kuma wani babban kashi na aikin cikin ɗari suke yin shi, lokacin da sauran jama'a ke cikin ɗaki suna jin wuta.

Asalin hanyar

A shekarar 1921 wani masanin gandun daji mai suna Benton MacKaye ya kawo shawarar a yi hanyar ƙafa bisa tsaunukan, domin ma'aikatan birane su sami wurin hutawa. A 1923 aka buɗe yanki na farko cikin jihar New York. A 1925 aka kafa babbar ƙungiya mai haɗa kan masu aikin. Wani lauya, Myron Avery, shi ya riƙe ragamar aikin shekara da shekaru, yana bin daji da ƙafa yana tura wata ƙafar keke mai awon nisa. Ranar 14 ga Agusta 1937 hanya ta haɗu daga kudu har arewa.

Ba a daɗe ana murna ba. A 1938 wata babbar guguwa ta kayar da itatuwa bisa yankin arewa. Daga nan Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, samari suka tafi soja, man mota ya yi wuya, daji ya cinye wurare da yawa. Sai a 1951 aka sake haɗa ta. Tun daga lokacin masu aikin suka gane cewa sare hanya sau ɗaya ake yi, riƙonta kuwa ba ya ƙarewa. Turbar da aka bari shekara 2 ko 3 ba gyara, ciyawa da ƙaya da ruwa sun isa su shafe ta.

A 1968 gwamnatin Amurka ta yi doka ta sa hanyar cikin dukiyar ƙasa, ta shiga sayen filayen da ta ratsa. A 1984 kuma hukumar da ke kula da wuraren shaƙatawa na ƙasa ta sa hannu ta danƙa aikin yau da kullum ga ƙungiyar ƴan sa kai. Watau ƙasa ta gwamnati ce, gyara na jama'a.

Kowa da rabonsa

An yanka hanyar kashi-kashi an raba wa ƙungiyoyi wajen 30. Kowace ƙungiya ta san inda rabonta ya fara da inda ya ƙare. A shekarun da suka gabaci 2020, ƴan sa kai wajen 6,000 ke fitowa kowace shekara, suna ba da sama da awa 200,000 na aiki kyauta.

Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin ita ce ta masu hawan tsauni na birnin Asheville a jihar Karolina ta Arewa, wadda ake kira Carolina Mountain Club. An kafa ta a 1923. Rabonta cikin babbar hanyar ya kai wajen kilomita 150, bisa iyakar jiharsu da ta Tenesi, ban da wasu turbobin na kusa da gida da take kula da su.

Aikinta iri biyu ne. Na farko, akan ba mutum guda ko biyu wani ɗan yanki, kilomita 2 zuwa 5, ya zama kamar gonarsu. Su ne za su riƙa zagaya shi, su datse rassa, su share magudanan ruwa, su kai labarin duk ɓarnar da ta fi ƙarfinsu. Na biyu, akwai ayarin gayya da ke fita a ranaku sanannu cikin kowane mako, rani da ɗari, kowane ayari da madugunsa. Su ke yin aiki mai nauyi: yanka gungume, jan dutse, gyaran gada da matakala. Yawancin ƴan ayarin nan dattawa ne maza da mata da suka aje aiki, akwai masu shekara 70 da ɗoriya cikinsu.

Akwai ƙa'idar da kowa ke bi. Ana share wa matafiyi sarari mai faɗin mita 1 da santimita 20, tsawonsa sama mita 2 da santimita 40, domin mai kaya a baya ya wuce ba tare da reshe ya kama shi ba. Alamar hanyar farin fenti ne da ake shafawa jikin icce ko dutse daidai idon mutum, faɗinsa santimita 5, tsawonsa 15. In an ga alama biyu, ɗaya bisa ɗaya, to hanya za ta karkata. Shuɗin fenti kuwa na ƙananan turbobi ne masu kai mutum wurin ruwa ko zango. Zangunan sun haura 250, rumfuna ne masu bango uku da matafiya ke kwana ciki, su ma ƴan sa kai ke kula da su.

Me ya sa cikin ɗari?

Ɗarin can yakan kama daga Disamba zuwa Maris, kusan lokaci guda da hunturun Nijar, amma ya fi shi tsanani nesa ba kusa ba. Ruwa yakan daskare ya zama ƙanƙara, dusar ƙanƙara kuma takan rufe kan tsaunuka. A can arewa, wajen Maine, hanya takan nutse gaba ɗaya, sai a jira watan Mayu. Masu aikin can sukan yi ɗarinsu suna wasa kayan aiki, suna koyar da sababbin shiga, suna tsara aikin baɗi. A kudu kuwa, wajen Karolina, sanyi yakan ɗan sassauta tsakanin kwanaki, shi ya sa ayari ke fita.

Suna da dalilansu. Cikin ɗari itatuwa sun zubar da ganye, ido yana kaiwa nesa. Iccen da ya tsage, ko wanda ya jingina da ɗan uwansa yana jiran faɗuwa, a fili ake ganin shi. Macizai sun shiga rami, zirnaƙo ya mutu, kaska ta ragu. Matafiya kaɗan ne, saboda haka ana iya kayar da icce ba fargabar wani ya ɓullo ƙarƙashinsa. Aikin ƙarfi kuma ya fi daɗi cikin sanyi bisa ga cikin zufa.

Hakanan cikin ɗari ne aka fi zagayen iyaka. Filin da gwamnati ta saya wa hanyar yana da iyaka da gonaki da dazuzzukan mutane, an shafa wa itatuwan iyakar fenti rawaya. Ƴan sa kai sukan bi layin nan su duba ko wani ya shigo ya sari icce, ko ya zubar da shara, ko ya yi gini. In ganye ya rufe daji, neman alamun nan wahala ne.

Babban dalili shi ne lokaci. Masu doguwar tafiya sukan tashi daga Springer cikin Maris da Afirilu. Bayan mako 3 ko 4 sun iso rabon mutanen Asheville. Duk abin da iskar ɗari da nauyin ƙanƙara suka kayar, dole a kawar da shi kafin su iso.

Ɗari yana da nasa cikas. Ƙasar da ta daskare ba ta haƙuwa, diga tsalle take yi bisanta. Fenti ba ya kama icce mai sanyi ko mai laima, sai a bar shafa alama har iska ta yi ɗumi. Yini gajere ne. Hanyoyin mota na cikin daji akan rufe su saboda santsi, sai a ƙara tafiyar ƙafa da kaya a kafaɗa.

Yinin aiki

Tun da sassafe ayari ke haɗuwa a wurin da aka shirya, su cika mota 2 ko 3 domin rage kuɗin mai. In sun kai bakin daji, madugu yakan tara su ya faɗi aikin yau, da haɗarin da ke ciki, da inda za a kai mutum in ya ji ciwo. Ba a tashi sai kowa ya ji.

Kowa da hular kwano da safar hannu da takalmi mai ƙarfi. Tufafi kuwa bisa-bisa ake sa su, riga 3 ko 4, domin in jiki ya yi zafi a tuɓe ɗaya, in an tsaya a mayar. Suna guje wa rigar auduga, domin in ta jiƙe da zufa ba ta bushewa, sai ta riƙa tsotse ɗumin jiki. Wanda sanyi ya shige shi yakan fara da makyarkyata, daga nan magana ta sarƙe, hankali ya gushe. Saboda haka kowa yana lura da abokinsa.

Kayan aikinsu ba baƙi ba ne ga manomi. Akwai zarto, da babban almakashi na datse rassa, da shebur, da dagi na ƙarfe na ture dutse, da fartanya mai faɗi. Akwai kuma wani makami mai baki biyu, gatari a gefe guda, fartanya a ɗaya gefen, wanda ake kira da sunan Pulaski, wani ma'aikacin gandun daji da ya yi suna wajen gobarar dajin 1910. Da shi ake sarar saiwa a kuma haƙa ƙasa ba tare da sauya makami ba.

Da rana sukan zauna bisa gungume su ci guzurinsu, su sha shayi mai zafi. Ba a daɗewa zaune saboda sanyi. Kafin la'asar sun kama hanyar komowa, domin duhu ba ya jira. Madugu yakan rubuta yawan mutane da awoyin da aka yi da itatuwan da aka kawar, ya aika wa ƙungiya.

Zarto ba abin wasa ba ne

Ba kowa ake bari ya riƙe zarto ba. Hukumar gandun daji ta ƙasa ta sa doka cewa ɗan sa kai sai ya yi horo, an gwada shi an ba shi takarda, ya kuma koyi taimakon gaggawa. Bayan shekara 3 a sake gwada shi. Mai zarto ba ya aiki shi kaɗai. Dole da mataimaki mai janye rassa, mai kuma tsare hanya kada matafiyi ya shigo.

Dalili kuwa, iccen da ya faɗi bai mutu da ƙarfinsa ba. Wani gefensa a matse yake, wani gefen a ɗame kamar baka. In aka yanka ta inda bai dace ba, ko ya cije zarton, ko ya fyaɗo ya karya ƙafar mutum. Ƙaramin iccen da babba ya danne ya tanƙwara shi ma tarko ne. Wani lokaci in an raba gangar icce da gindinsa, sai kututturen da saiwoyinsa da ƙasarsu su koma ramin da suka fito da ƙarfi. Akwai kuma karyayyun rassa masu lilo can sama, waɗanda iska kaɗan ke sakowa. Shi ya sa gwanin zarto yakan zagaya icce ya dube shi da kyau, ya share inda zai gudu, kafin ya taɓa shi.

A wasu yankunan daji, wata doka ta 1964 ta hana shiga da kowane irin inji. Can sai dogon zarton hannu na mutum biyu, wannan ya ja, wancan ya ja. Zartunan da aka ƙera tun zamanin kakanni su aka fi so saboda kyan ƙarfensu, masu iya wasa haƙoransu kuwa ba su da yawa, ana ji da su ƙwarai.

Itatuwan da ke faɗuwa sun ƙaru a shekarun nan. Wasu ƙwari da suka shigo daga nahiyar Asiya sun kashe itatuwa masu yawa a tsaunukan, suna nan tsaye a bushe. Kowace iskar ɗari sai ta kayar da wasu.

Ruwa ya fi icce ɓarna

Mai kallo zai ce icce ne babban abokin gabar turba. Masu aikin sun san ruwa ne. Iccen da ya faɗi ana yanka shi a yini guda. Ƙasar da ruwa ya kwashe kuwa ba ta komowa.

Turbar da ƙafa ta tattake takan yi ɗan kwari. In ruwa ya samu wannan kwarin sai ya mai da shi ƙorama, ya bi gangare yana ƙara gudu yana kwasar ƙasa, har hanya ta zama kwazazzabo. Maganin abin shi ne kada a bar ruwa ya yi nisa bisa hanya. Ana ɗan karkata doron turba wajen gangare domin ruwa ya tsallake ta ya wuce. Ana kuma gitta gungume ko jerin duwatsu a karkace, tare da ɗan lambatu, su kama ruwan su fitar da shi gefe. Manomin Adar da ya taɓa jera duwatsu a gonarsa ta gangare ya san wannan dabara.

Matsalar ita ce ganyen da ya zuba a ƙarshen shekara yakan toshe lambatun. In ba a share su ba, ruwan ɗari da narkewar ƙanƙara sai su haura su bi hanya. Saboda haka duk ranar da ƙasa ta saki, ƴan sa kai sukan bi su ɗaya bayan ɗaya da fartanya. Aiki ne marar suna, matafiyi ba ya ko lura da shi, amma shi ke riƙe da hanyar.

Iccen da aka bari kwance shi ma yana jawo zaizaya. Matafiya sukan kewaye shi, su tattake tsirrai, su buɗe sabuwar turba inda ba a shirya wa ruwa mafita ba.

Ɗarin da ya biyo bayan guguwa

Ranar 27 ga Satumba 2024 guguwar da aka sa wa suna Helene ta faɗa wa tsaunukan Karolina ta Arewa da Tenesi da Birjiniya. A wani ƙauye mai suna Busick, ruwan da aka auna cikin kwana 3 ya kai wajen milimita 780. Ya fi abin da Maraɗi ta saba samu a damina guda. Sama da mutum 100 suka rasu a Karolina ta Arewa kaɗai. Gulabe suka cika suka shiga garuruwa. Birnin Asheville ya yi makonni ba ruwan famfo.

Hanyar ƙafa ma ba ta tsira ba. Dubban itatuwa suka faɗi bisanta, a wasu wuraren sun hau juna har ba a gane inda turba take. Ƙasa ta zabtare a gangare. Gadar da matafiya ke bi su ƙetare gulbin Nolichucky kusa da garin Erwin, ruwa ya tafi da ita. Aka rufe ɗaruruwan kilomita na hanyar.

Wannan ba maganar shan iska kaɗai ba ce. Akwai wani ɗan gari mai suna Hot Springs, mutanensa ba su fi 600 ba, hanyar ta bi ta tsakiyar babban titinsa, wajen kilomita 440 daga Springer. Masu masauki da masu abinci da masu kanti na garin, cinikinsu na shekara ya dogara ƙwarai ga matafiya. Ruwa ya riga ya shiga kantunansu. In kuma Maris ya zo hanya tana rufe, hasara ta zama biyu.

Da farko hukuma ta rufe daji, ta hana kowa shiga sai ma'aikatanta da gwanayen zarto, domin haɗarin ya yi yawa. Ƴan sa kai da yawa su ma suna fama da gidajensu da na maƙwabta. Da aka ba su izini, sai suka shiga tare da ma'aikatan gandun daji, suka yi ɗarin nan gaba ɗaya suna aiki. Bayan yanka itatuwa akwai cike ramuka, domin kowane babban icce da ya tumɓuke ya bar rami a tsakiyar turba, wani ya isa ya haɗiye mutum. Da hannu ake ɗauko duwatsu a jera, a zuba ƙasa a daddale. Inda ɓarna ta fi ƙarfi, aka zagaya da hanya ta wani gefen.

Kafin matafiyan 2025 su iso, an buɗe mafi yawan wuraren da aka rufe. A gulbin Nolichucky, daga watan Maris na shekarar, aka riƙa ƙetarar da su kyauta cikin kwalekwalen roba. Matafiya suka sake sauka a Hot Springs suka yi sayayya.

Abin da ya rage

Damuwar ƙungiyoyin a yau ita ce magada. Masu furfura sun fi yawa cikin ayari, domin su ke da sararin fita ranar aiki. Saboda haka ana shirya gayyar ranar Asabar domin ma'aikata da ƴan makaranta, ana sa sabon shiga kusa da tsohon hannu har ya koyi karatun icce da na ruwa.

Mutanen karkarar Nijar ba baƙin gayya ba ne. A shekarun 1970 da 1980 Samariya ta gina azuzuwan makaranta ta kuma gyara hanyoyi da ƙarfin jama'a. Abin da ya riƙe turbar Apalashiya tun 1937 bai wuce abu uku ba: kowane yanki yana da mai shi da aka sani da suna, akwai ranar fita da ba ta sauyawa, kuma ana gyara kafin lokacin buƙata ya zo. Hanyar kasuwa, da ta rijiya, da burtalin dabbobi, su ma ruwan bara ya bar musu rauni. Amfanin gona ya shiga rumbu, hannu ya samu sarari, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Kwazazzabon da mutum 10 za su toshe da duwatsu cikin ɗari, in aka bar shi ya sha damina guda, amalanke ba za ta ƙetare shi ba.